Kalmar da Ta Hana Goggo Hansai Inji

Tun da na dawo daga wannan yawo na kwana huɗu ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a majalisarmu ta bakin shagon Lawan tela tambaya, har mai yi mini aski sai da ya ce, Malam, an ce ka zaga da Turawa a farar mota. To ba Turawa ba ne, mace ɗaya ce 'yar ƙasar nan, kuma yawon bai wuce Roni da Gwiwa da Babura ba, wuraren da kowannenku ya taɓa zuwa biki ko ta'aziyya. Amma tunda kun ƙi ƙyale ni, ga shi na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Ina gaya muku tun yanzu ba labarin daɗi ba ne, kuma har yau raina a ɓace yake.

Wanda bai san ni ba, malamin Turanci ne ni a wata sakandare a nan Kazaure. Wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba zan kama sunanta ba, ta shirya raba injin markaɗe ga matan da suke sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Suka turo ma'aikaciyarsu daga Abuja ta zo ta ga matan da idonta, suka nemi tafinta. Ni da na saba cewa ba ni da lokacin irin waɗannan abubuwa, har gudu-gudu na yi na kai kaina, kuma ina da dalili. Ƙanwar mahaifina, Goggo Hansai, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, tana ƙauyenmu can bayan Gwiwa tana wannan sana'a ita da wasu mata takwas. Injin da ya fi kusa da su yana cikin garin Gwiwa. Da rani su ɗora gyaɗa a ka ko a babur, da damina hanya ta yanke su koma turmi. Dakan ya cinye kafaɗar Goggo ta dama, hannun ba ya ɗaguwa sama, ɗankwali ma sai an ɗaura mata. Ni na kai sunansu aka sa a jerin waɗanda za a duba. Abin da nake nema a tafiyar nan guda ɗaya ne, inji ya sauka a ƙauyen nan Goggo ta ajiye taɓarya.

Ma'aikaciyar 'yar kudu ce, sunanta ya yi mana nauyi a baki muka tsaya a Madam. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka, da muguwa ce da na fi samun sauƙin inda zan sauke fushina. Tun a ranar farko na gaya mata ɗaya daga cikin matan goggona ce. Ta ce ba komai, muddin ba zan ƙara ko in rage a maganar mutane ba. Na bugi ƙirji na ce mata ni ba irin tafintocin nan ba ne, abin da aka faɗa shi nake faɗa.

Tana da wata babbar waya mai faɗi, da ni da Ilu direba muka sa mata suna allo. A cikin allon tambayoyin suke, kuma tana gama dannawa amsa ta tafi Abuja, ba gogewa. Kafin mu tashi ta nuna mini su don in shirya Hausarsu. Yawancinsu ba abin damuwa, ku nawa ne, yaushe kuka fara, ina kuke sayarwa. Ta ƙarshe ce mai yanke hukunci: idan wata mace ta zo ta roƙi shiga cikinku, za ku karɓe ta? E ko a'a. Wanda ya ce e, allon ya sa shi a layin ƙungiya. Wanda ya ce a'a, ya faɗa wani layi da aka yi wa suna da wata kalmar Turanci, clique, wadda ake furtawa kilik. Madam ta ce duk wanda ya faɗa nan ba shi ba inji.

Wannan kalma na sha koyar da ita a aji. Turawa suna da sunaye da yawa na ƙaramin taron mutane, wasu na yabo, wasu ba yabo ba zagi. Ita wannan tana cikin masu wari. Ana faɗarta ne a kan 'yan tsirarun mutane da suka haɗa kai suka rufe ƙofa, suna kallon na waje a wulaƙance, abin da mu za mu ce 'yan mu-ya-mu. Abin da na lura da shi tun tuni, ba wanda yake kiran nasa taron da ita. In kana ciki abokai ne, in an bar ka a waje sai ka ce kilik ne. Har misali nake ba ɗalibai da majalisarmu, wadda baƙo zai zauna wata guda ba a miƙa masa kofin shayi na fari ba. Kada ku harare ni, kun san gaskiya ce. Ban taɓa zaton wata rana za a ɗauki kalmar a auna tsofaffin ƙauyenmu da ita ba.

Muka kama hanyar Roni da hantsi, rana ta riga ta fara dukan mutane don tsakiyar bazara ce. Ilu mutumin Kano ne, bai san hanya ba kuma ya fi ƙarfin tambaya. Sau biyu muna wuce kwana ɗaya, sai da wani mai keke ya tausaya mana ya shiga gaba muna binsa a baya kamar masu rakiyar amarya. Kafin mu isa taya ta yi faci. Muna tsaye a gindin wata bishiya wata Bafulatana ta zo da ƙwaryar nono, Madam ta ce tana so ta ɗanɗana fura. Na gargaɗe ta cewa cikin da bai saba ba ya bi a hankali. Ta sha ludayi biyu, ta ƙara, ta shanye ƙwarya guda. Daga nan har muka isa barci take yi, kanta yana buga gilashi.

A wani ƙauye kusa da Roni muka tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiyar mata masu sana'ar gyaɗa. Da na jingina da shi sai da fenti ya kama mini riga. Mata kusan arba'in, duk hijabi iri ɗaya, sabo fil, alamar ninki ma ba ta baje ba. Shugaban ƙungiyar matan kuwa namiji ne, wani mai ƙaramin tumbi da hula zanna, kowa yana ce masa Kodineta. Yana da hatimi, yana da kundin dokoki, yana da hoton taro. Duk tambayar da na juya zuwa Hausa, kafin in rufe baki amsa ta fito a tare kamar karatun 'yan aji ɗaya. Da aka zo ta ƙarshe suka haɗa baki suka ce ƙofarsu a buɗe take ga kowa.

Ni a gidan mai na tashi, na san hannun mai matsar tunkuza. Fatarsa tana da kauri, ga tabon ƙuna, ga ƙamshin da sabulu ba ya fitarwa. Na dubi hannuwan nan na ga lalle kawai. Na matsa kusa da wata na tambaye ta a hankali, da ruwan zafi ake juya markaɗen ko da na sanyi. Ta dube ni ta dubi Kodineta, ta ce ita dai an ce ta zo.

A mota na buɗe wa Madam wuta. Na ce waɗannan ba su taɓa fitar da cokali guda na mai ba, taron haya ne. Ta ce ita ma ta yi zargi, amma allon bai tambayi hannu ba. Na yi mata huɗuba mai tsawo a kan gaskiya, na ce ƙarya ce ta kashe ƙasar nan, na ce ni da a ba ni abu a kan ƙarya gara in rasa. Har Ilu yana gyaɗa kai yana cewa a gaishe ka Malam. Na ji daɗin kaina ƙwarai a wannan rana.

A Gwiwa muka kwana, gidan wani abokina hedimasta. Madam aka kai ta ɗakin uwargida, ni da Ilu muka shimfiɗa tabarma a zaure. Da safe aka kawo koko da ƙosai, ita kuma aka soya mata ƙwai don an ce mutanen Abuja ba sa shan koko. Ta ture ƙwan ta shanye kokon Ilu. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne gaisuwa. Ta ga matar gidan ta durƙusa wa wata tsohuwa maƙwabciya, an yi ta jero lafiya lau har ta gaji da tsayuwa. Ta tambaye ni ko wani abu ne ya faru. Na ce ba abin da ya faru, jiya ma sun ga juna. Ta ce a unguwarsu shekara uku ba ta san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba. Na ce a raina, kuma ku ne za ku zo ku koya mana yadda ake zama ƙungiya.

Hanyar ƙauyenmu yashi ne, mota ta kafe sau ɗaya, sai da wasu masu amalanke suka tura mu. Muna shiga gari labari ya riga mu, an ga Abba a gaban farar mota. Abba ake ce mini a gida don sunan kakana na ci. Mai unguwa ya fito, liman ya fito, aka yi ta sa mini albarka kamar na riga na sauke injin.

Su Goggo ba su kafa rumfa ba, ranar aiki ce kuma aiki suke yi. Mun same su a tsakar gidan wata da ake ce wa Iya Tabawa, don aikin zagayawa yake yi gida-gida. Biyu suna suya, biyu suna murza suna sheƙe ɓawo, uku a kan turmi, sauran suna mulmula ƙuli. Hayaƙi, zafi, ƙamshi. Goggo tana kan turmi tana juya markaɗe da hannun hagu, na daman a manne da jikinta. Madam ta tsaya tana kallo, ta manta da allon ma na ɗan lokaci. Aka zuba mata mai a murfin kwano ta shinshina, aka ba ta ƙuli mai zafi ta ci har tana ƙona baki. Ta ce mini wannan shi ne abin da aka turo ta nema. Zuciyata ta yi fari.

Tambayoyi suka tafi daidai. Su tara ne. Tun iyayensu ake yi. Ranar kasuwa suke kaiwa. Sai ta ƙarshe. Na juya ta zuwa Hausa yadda take, idan wata ta zo ta roƙi shiga, za ku karɓe ta.

Matan suka dubi juna, wasu suka rufe baki suna dariya, kamar na yi maganar da ba a yi a gaban manya. Goggo ta saki muciya ta ce, "Roƙo? Haba Abba, kai ma ka sani. Wadda duk ta buɗe baki ta roƙa ai ba za mu ɗauke ta ba."

Na sani kuwa. Ga yadda abin yake, don 'yan birni su fahimta. A ƙauyenmu mace ta je ta ce ku sa ni cikin sana'arku daidai yake da ta tsaya a dandali ta ce gidanmu ba abinci, mijina ya gaza. Ba mai mutunci da za ta yi haka, gara ta kwana da yunwa. Don haka su Goggo ba sa jira a roƙa. Su suke sa ido. In suka ga wadda mijinta ya rasu, ko ya kwanta ciwo, ko hayaƙi ya daina tashi a gidanta yadda ya saba, sai su aika mata da kwanon soyayyar gyaɗa an rufe da faifai, ba tare da ko kalma ɗaya ba. In ta dawo da kwanon da ƙulin da ta yi da hannunta, ta shiga ke nan, gobe a ba ta wuri. In ta dawo da shi da ɗan gishiri ko daddawa, an gane ba ta buƙata, kuma ba wanda ya ji kunya. Cikin taran nan, shida ta haka suka shigo. An hana roƙo ne don kada wata ta kai ga yin sa.

Duk wannan na zayyana wa Madam da Turancin da nake taƙama da shi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin ya burge ta. Sannan ta ce amma tambayar ba ta ce ko kuna gayyata ba, cewa ta yi in an roƙa. Ta ce in sake tambaya, a ba ta e ko a'a.

Na sunkuya kusa da Goggo na rage murya. Na ce, "Goggo, don Allah ki ce e kawai. Ba wadda za ta zo roƙon ai. Kalma ɗaya ce, inji ne a bayanta."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina yaro in na dawo da canjin da ba nawa ba. Ta ce, "In yi wa baƙuwa ƙarya bayan ta ci abincinmu? Da furfurata? Ka gaya mata yadda muke yi, in ta ga dama ta bayar, in ba ta gani ba Allah yana nan."

Ga inda nake so ku tsaya ku duba. Maganar Goggo doguwa ce, babu e a ciki babu a'a da Madam za ta iya kamawa. Ilu yana waje wajen mota. Ba mai jin harsunan nan biyu a tsakar gidan sai ni kaɗai. Da na juya na ce ta ce e, shi ke nan, kuma ban ma tabbata ƙarya ce ba, don ƙofar matan nan ta fi ta kowa buɗewa. Amma jiya-jiya na gama yi wa matar nan wa'azi a mota. Na ji kunyar Madam ta kama ni da ƙarya, na ji kunyar Goggo, kuma in faɗa muku gaskiya, na ji tsoron zubewar girmana. Na ce mata amsar a'a ce. Ta danna.

Akwai wani ɗan gurbi a ƙasan tambayar na ƙarin bayani. Na ce ta rubuta, ina faɗa tana bugawa. Ban kai ga kwanon gyaɗar ba gurbin ya cika, ya ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Abin da ya tafi Abuja shi ne mata tara, masu ƙwazo, ba sa karɓar mai roƙo. Su Goggo ba su san me aka danna ba. Suka cika wa Madam galan da mai, suka ƙulla mata ƙuli a leda, suka rako mu har bakin mota suna yi mata addu'a. Ni kuma ban iya buɗe baki na gaya musu ba, na ce sai an ji daga sama.

Washegari muka nufi Babura, muka biyo ta Kazaure muka ratsa ta ƙasar Yankwashi. Muka wuce Achilafiya. Ilu ya kunna rediyo na kashe. Masaukin da muka samu a Babura, shi ma ba zan kama sunansa ba, yana da fanka ba wuta, yana da famfo wanda in ka murɗa sai ya yi maka fito. Abincin dai ba laifi, dambu da zogale da man ƙuli, Madam ta ajiye cokali ta sa hannu.

Ƙungiyar da muka je gani a wajen Babura, ina sauka daga mota na ga ƙyalle. Shi ne dai na Roni, an liƙa wani yanki a kan sunan garin, har gurbin da rigata ta kwashe fenti yana nan. Hijaban nan ne, kuma na gane fuska uku, har da wadda ta ce ita dai an ce ta zo. Tana ganina ta ja hijabi ta rufe hanci. Wani ne daban ya tsaya a matsayin shugaba, amma can gefe cikin wata mota na hango hular Kodineta. Na je na ƙwanƙwasa gilashi. Bai ko ji kunya ba, ya miƙo mini hannu yana dariya.

Ya ce, "Malam, kai ma da ka neme mu tun farko da mun shirya maka tsofaffin naka. Kwana biyu ya isa mu koya musu amsa."

Na tambaye shi su wane ne mu. Ya ce su biyar ne, sun daɗe tare, duk motar da za ta shigo yankin nan da rabon kaya sukan ji tun ba ta baro Abuja ba. Na ce in wani ya roƙi shiga cikinku fa? Ya ce a'a, ai abin ba ya son yawa.

Shekara da shekaru ina neman misalin wannan kalma da zan ba ɗalibai, ga shi a zaune cikin mota yana shan ruwan leda, kuma a allon Madam sunansa ƙungiya mai buɗaɗɗiyar ƙofa har sau biyu. Na gaya mata. Ta ɗauki hoton ƙyallen ta ce za ta kai rahoto. Tambayoyin dai ta yi su, amsa ta fito a tare, ta danna e.

Da la'asar ta ce tana so ta ga iyaka tunda an zo kusa. Muka je. Ba ta taho da takardar ƙetarewa ba, don haka aka ce mu tsaya daga nan, muka zauna a wata rumfar mai shayi muna kallon Nijar daga nesa, ƙasa iri ɗaya, gawo iri ɗaya. Masu babur suna ta shige da fice, ana ciniki ana ambaton sefa da naira a numfashi guda. Mai shayin mutumin can ne. Burodinsa dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi, shayin kuma a 'yan ƙananan kofuna, sai ka sha zagaye uku kafin a ce ka sha. Da ya ji ni malami ne ya tambaye ni a wace lakwal, wato makaranta, nake koyarwa. Wata dattijuwa daga ƙetare da ta zo sayar da mai ta zauna kusa da mu. Don in huce na tambaye ta yadda suke shigar da sabuwa cikin sana'a a garinsu. Ta ce su goro suke aikawa, ba gyaɗa ba. Na ce in ta roƙa fa? Ta kama haɓa ta ce wace marar kunya ce za ta roƙa.

Na juya wa Madam wannan ma. Na ce ki duba, ƙasa biyu, al'ada ɗaya, allonki ne kaɗai bai sani ba. Ta ce ba ita ta rubuta tambayar ba. Wasu ne a ofis suka zauna suka tsara, don an sha ba da kaya wasu 'yan tsiraru su danne, kuma niyyarsu kyakkyawa ce. Na ce na yarda, amma cikinsu akwai wanda ya taɓa zama a tsakar gida irin na jiya? Ta ce ba ta jin akwai. Na ce to kalmar nan ba a kan kowa take sauka ba sai wanda bai iya bakinku ba. Wanda ya san amsar da kuke so ya wuce, wadda ta gaya muku gaskiya kun sa mata sunan zagi da harshen da ba ta ji. Ta ce za ta yi magana in ta koma. Na yarda ta yi, don ta kira ni daga baya ta ce ta yi, aka ce mata za a duba a zagaye na gaba.

Bayan mako uku sunaye suka fito. Masu ƙyallen nan sun samu a wuri ɗaya, an hana su a ɗayan, wai an gano. Ƙauyenmu babu. Na yi kwana biyu ina juya yadda zan faɗa, ran Asabar na hau babur na tafi.

Tun daga bakin gari na ga abin da ban sani ba. Kusa da gidan Iya Tabawa an tayar da sabon ɗaki na jan bulo, an yi masa daɓe, an rufa shi da kwano, har an kafa wasu itatuwa huɗu a tsakiya inda za a ɗaure inji. Ashe tun ranar da muka tafi gari ya gama yanke hukunci. Ɗansu ne a gaban mota, da bakinsa aka yi magana, baƙuwa ta ci ta yaba ta karɓi mai, me ya rage? Matan suka buga bulo da kansu, mazan gari suka yi musu gayyar gini.

Na sami Goggo a gida. Rumfar da take ƙofar ɗakinta, inda take zama tun ina yaro, babu rufi, sai sanduna tsirara, tana zaune a ɗan inuwar katanga. Kwanonta ne a kan sabon ɗakin. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na gaya mata. Ta tambayi dalili. Na ce saboda amsar nan ce, sun sa ku a layin waɗanda suke rufe ƙofa su hana wasu. Ta ce da Turanci me ake ce wa irin waɗannan. Na faɗa mata. Ta gwada kalmar a bakinta sau ɗaya, ba ta zauna ba, ta bar ta.

Ta ce, "Kai ka gaya mata haka muke?"

Na ce na gaya mata yadda kuke, gurbin ne bai ɗauka ba. Na so ta zage ni, na so ta ce ina amfanin bokon da aka kai ni, da na samu abin da zan riƙe. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce tunda abin ba zai zo ba, in je gidan mai unguwa in aro tsani da guduma in ciro mata kwanonta kafin ruwa ya sauka, ita hannunta ba ya ɗaguwa.

Na tuɓe babbar riga na hau. Matan takwas suna tsaye a ƙasa, ina cire ƙusa ina miƙo musu kwano ɗaya bayan ɗaya, kowace ta karɓa sai ta ce sannu Abba, Allah ya yi maka albarka.